Baƙon da Ƙasashe ke Rububin Saukarwa

Muna gaishe da ɗaliban karatun manya, maza da mata, na birni da na ƙauye, tare da malamansu. Muna gaishe da ƴan kasuwa da teloli da ƴan dako na Babbar Kasuwa ta Yamai, waɗanda kan tashi daga aiki da maraice su ɗauki littafi da alƙalami. Allah ya ƙara basira.

Hirarmu ta yau a kan gidajen bincike ce. Watau manyan gidaje inda masana na ƙasashe da yawa ke taruwa su yi aiki tare. Za mu ji yadda ƙasashe ke gasa domin a kafa irin wannan gida a cikinsu. Za mu ji waɗanda aka kafa a nan ƙasarmu, da abin da ya rataya a wuyanmu game da su.

Mene ne gidan bincike?

Bincike shi ne neman sanin abin da ba a sani ba, ta hanyar gwaji da awo da rubutu. Manomin da ya shuka iri biyu a gona ɗaya don ya ga wanda ya fi, shi ma bincike ya yi. Abin da masani ya ƙara a kai shi ne, yakan auna komi, ya rubuta, ya sake gwadawa shekara da shekaru, har ya tabbatar.

Akwai binciken da ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Wani sa'i kayan aikin ne ke da tsada ƙwarai. Wani sa'i kuma matsalar ce ba ta san iyakar ƙasa ba. Fari ba ya tsayawa a ofishin duwan. Fara ba ta neman biza. Don haka sai ƙasashe su haɗa kuɗi su gina gida ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma gida ba ya tsayuwa a sararin sama. Tilas a kafa shi a cikin ƙasar wani. A nan ne gasa ke tashi. Wannan ta ce a kawo wurina, waccan ta ce a kawo wurina.

Falke da mai masauki

Ƴan kasuwa sun san irin wannan gasa tun kaka da kakanni. A zamanin fatauci, in ayari ya iso gari da goron Gwanja ko gishirin Bilma, masu masauki kan fito su tarye shi. Ko wane yana so falke ya sauka a gidansa. Falke kuwa ba ya sauka ko'ina. Yakan tambaya: akwai ɗakin ajiya mai kyau? Kayana za su kwana lafiya? In rigima ta tashi, maigida zai tsaya mani? Akwai yaran da suka san awo da lissafi?

Wanda ya cika waɗannan, shi ke samun baƙo. Ya sami la'ada, ya sami suna, baƙo kuma ya jawo masa wani baƙo. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya bi hanya, gidansa ya zama kango. Har yau haka abin yake a Babbar Kasuwa, tsakanin masu shago da masu kawo kaya daga Kano da Kwatano da Lome.

Gidan bincike falke ne mai kaya masu nauyi. Ƙasa ita ce mai masauki. Kafin a zaɓi wuri, akan naɗa kwamitin masana su zagaya su duba. Ga abin da sukan duba.

Na ɗaya, wurin ya dace da aikin. Ba a binciken shinkafa a inda babu ruwa. Na biyu, fili da hanya da ruwa da wutar lantarki. Na uku, alkawarin gwamnati a rubuce: kayan aiki su shigo ba kuɗin duwan, masana su shiga su fita ba wahala. Na huɗu, ƴan ƙasa masu ilimi da za su kama aikin. Na biyar, zaman lafiya. Bayan wannan duka, sai a tambayi ƙasa nawa za ta zuba daga aljihunta.

Kafin mu zo gida, bari mu ji gasa biyu da aka yi a nesa, waɗanda duniya ta yi ta zancensu.

Faransa da Japan

Manyan ƙasashe sun shirya gina wani irin murhu mai suna ITER. Nufinsu su gwada samun wuta ta hanyar da rana ke samun zafinta. Ƙasashe huɗu suka ce a kawo wurinsu: Kanada, Sifaniya, Faransa da Japan. A ƙarshen 2003 saura biyu suka rage. Faransa ta ba da wani wuri mai suna Kadarash. Japan ta ba da wani mai suna Rokasho.

Sai aka rabu gida biyu. Tarayyar Turai da Rasha da Sin suka goyi bayan Faransa. Amurka da Koriya ta Kudu suka goyi bayan Japan. Aka yi shekara ɗaya da rabi ana ja-in-ja, aiki ya tsaya. Ran 28 ga Yuni 2005, a birnin Mosko, aka yanke: Faransa ta samu.

Ku lura da yadda aka yi cinikin. Japan ba ta tashi hannu banza ba. An ba ta kujerar shugaban aikin na farko, aka kuma yarda a gina wasu ƙananan gidajen bincike a Rokasho. Turai kuwa, da yake ita ce mai masauki, ta ɗauki wajen kashi 45 cikin 100 na kuɗin gini. Faransa ta gyara hanya mai tsawon kilomita 104, daga bakin teku zuwa Kadarash, domin manyan ƙarafan su wuce. Da farko an ƙiyasta ginin zai ci Yuro miliyar 5. Daga baya kuɗin ya riɓanya. A 2024 shugabannin aikin suka ce sai 2034 za a fara gwaji. Kun ga wanda ya ci gasa bai huta ba. Ran da ya ci, ran nan ya ɗauki kaya.

Afirka ta Kudu da Ostiraliya

Gasa ta biyu ta fi kusa da mu, domin Afirka ta shige ta. Taurari suna fitar da wata irin murya ta rediyo wadda kunne ba ya ji. Masana kan kamo ta da faifan ƙarfe, irin wanda ake ɗorawa a kan rufin gida don kamo talabijin, amma manya ƙwarai. Suka shirya gina mafi girma a duniya, suka sa masa suna SKA.

Muryar taurari ba ta da ƙarfi. Wayar salula guda ɗaya tana iya rufe ta. Don haka aka nemi daji mai nisa da gari, inda babu hayaniyar rediyo. Ajantina da Sin da Ostiraliya da Afirka ta Kudu suka nema. A 2006 aka tace, saura Ostiraliya da Afirka ta Kudu.

Mutane da yawa sun zaci Afirka ba za ta iya ba. Afirka ta Kudu ba ta tsaya gardama ba, sai ta kama aiki. Tun 2005 ta fara biya ma ɗalibai kuɗin karatun taurari da na injiniya. A 2007 ta yi doka ta kare dajin Karu daga hayaniyar rediyo. Ta gina faifai 7 da kuɗinta, don alƙalai su gani da idonsu. Ta kuma jawo ƙasashen Afirka 8 suka tsaya a bayanta: Botsuwana, Gana, Kenya, Madagaska, Morishus, Mozambik, Namibiya da Zambiya.

Ran 25 ga Mayu 2012 aka yanke hukunci. Aka raba aikin biyu, wani a Afirka ta Kudu, wani a Ostiraliya. A 2018 Afirka ta Kudu ta buɗe faifai 64 a dajin Karu. A watan Disamba 2022 aka fara babban ginin a ƙasashen biyu. Gana ma ta sami nata rabo. Ta gyara wani tsohon faifan tarho mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Akara, ya koma na sauraren taurari a 2017.

Abin ya zo da nauyinsa. An sayi gonaki da yawa daga makiyayan tumaki na wurin, suka tashi. Waɗanda suka rage kusa, an taƙaita masu amfani da salula. Amma darasin a fili yake: ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya shirya tun da wuri, shi ake ba.

Gidajen da ke Yamai

To, yanzu mu dawo gida. Wataƙila wani ya ce, mu ina ruwanmu da wannan, mu da muke fama da tuwon dare? Ɗan'uwa, da ruwanmu. Nijar ma mai masauki ce. Baƙinta suna nan, kuma aikinsu ya shafi tuwon daren.

Manya daga cikinku sun tuna farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, mutane suka bar garuruwansu. Ran 12 ga Satumba 1973, a Wagadugu, ƙasashe 6 suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS. Su ne Nijar, Mali, Senegal, Muritaniya, Cadi, da Hot-Bolta, watau Burkina Faso ta yau. Ƙungiyar ta raba gidajenta tsakanin birane uku. Babban ofishi ya zauna Wagadugu. Cibiyar Sahel ta tafi Bamako. Gidan awon yanayi kuwa ya zo Yamai a 1974.

Sunan gidan AGRHYMET, ana faɗinsa Agrimet. An haɗa sunan daga kalmomi uku na Faransanci: noma, ruwa da yanayi. Yana ƙetaren kogi, a Harobanda, kusa da jami'a. In ka bar Babbar Kasuwa ka haye gadar Kenedi, ka kusa. Aikinsa biyu ne. Yana horar da ma'aikatan awon ruwan sama da na kogi da na kare shuka, waɗanda ke zuwa daga ƙasashen Sahel da na bakin teku. Yana kuma tara labarin damina, daga tashoshin awo da hotunan tauraron ɗan'adam, ya sanar da gwamnatoci inda shuka ta yi kyau da inda yunwa ke tafe.

Gida na biyu shi ne ACMAD, ana faɗinsa Akmad. Wannan na Afirka ne duka, ƙasashe fiye da 50. Aikinsa duba yanayin nahiyar gaba ɗaya, da yin gargaɗi a kan ambaliya da fari da zafi mai tsanani. Ministocin Afirka ne suka kafa shi a 1987, suka zaɓi Yamai. Ya fara aiki a 1992. Me Yamai take da shi a lokacin? Tana da makarantar EAMAC, wadda tun 1963 take horar da ma'aikatan yanayi da na jiragen sama na ƙasashen Afirka da yawa. Tana da Agrimet. Tana da littattafan awo, domin tun 1905 ake rubuta ruwan saman Yamai.

A nan ma akwai darasin kasuwa. Ku duba yadda masu atamfa ke zama layi ɗaya, masu takalma layi ɗaya. Mai saye yakan tafi inda masu kaya suka taru. Haka masana suke. A 1992 masana na Turai da Amurka suka zo kewayen Yamai, suka yi wani babban awo mai suna HAPEX-Sahel, a kan yadda ruwa ke tashi daga ƙasa ya koma sama. A 2006 kuma Amurka ta kafa tashar awo a filin jirgin saman Yamai, ta shekara tana auna ƙura da gajimare da hasken rana. Gida ke jawo gida.

Gida na uku na noma ne. Sunansa ICRISAT, ana faɗinsa Ikrisat. Uwar gidan tana Indiya, kusa da Haidarabad, tun 1972. Aikinta binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, kamar hatsi da dawa da gujiya. Bayan fari, ta nemi wuri a Sahel. A 1981 ta sa hannu da gwamnatin Nijar. Aka ba ta hekta 500 a Sadore, kilomita 45 kudu da Yamai, a kan hanyar Say. Aka yi bikin buɗewa a 1989.

Me ya sa Sadore ta dace? Ƙasarta jigawa ce mai yashi, maras ƙarfi. Ruwanta bai wuce kimanin milimita 560 a shekara ba. Iskar farkon damina kan binne shuka. Watau abin da manomi ke kuka da shi, shi masana suka zo nema. Irin da ya yi a Sadore, ana sa ran ya yi a gonakin talakawa masu yawa, daga Senegal har Cadi.

Ga kaɗan daga abin da ya fito daga can, tare da haɗin kan INRAN, gidan binciken noma na ƙasarmu da aka kafa a 1975. Akwai dabarar sa taki ɗan kaɗan a cikin ramin shuka, giram 6, watau cikin marfin kwalbar lemo, maimakon a watsa buhu a gona. Akwai magaryar da aka yi ma aure da ta Indiya, mai manyan ƴaƴa, wadda ake kira tuffar Sahel. Akwai irin hatsi mai suna Chakti da aka fitar a 2018, mai saurin nuna, mai sinadarin da ke ƙara jini. Akwai kuma rumbun iri, inda aka ajiye dubban irin hatsi da dawa da gujiya a ɗakin sanyi. In wani iri ya ɓace a ƙauye, ana iya samo shi a can.

Samu daban, riƙo daban

Jama'a, samun baƙo ba shi ne ƙarshen magana ba. Baƙo raɓa ne, yana iya tashi. Ga misali.

A 1971 ƙasashen Afirka ta Yamma 11, har da Nijar, suka kafa gidan binciken shinkafa mai suna ADRAO. Aka sa shi a Monrobiya, ƙasar Laberiya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 aka ɗauke shi zuwa Buwake, ƙasar Kodibuwa. Aka yi gine-gine, aka gyara gonaki. A watan Satumba 2002 yaƙi ya tashi, Buwake ta shiga tsakiyarsa. Masana suka tattara suka fita. A 2005 gidan ya koma Kwatano, ƙasar Benin. Sai a 2015 babban ofishinsa ya dawo Kodibuwa, a Abijan. Yau sunansa AfricaRice. Ku yi tunanin direbobi da masu aikin gona da masu sayar da abinci na Buwake, waɗanda suka wayi gari baƙonsu ya tafi.

Ƴan Babbar Kasuwa ba sai an yi masu dogon bayani ba. A 1982 wuta ta cinye kasuwar. Sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Shekara biyar ƴan kasuwa suna rakuɓe a wasu wurare. A 2009 wuta ta sake tashi ta ci wani sashe. Abin da aka gina cikin shekaru, dare ɗaya ya ishe shi.

Gidan bincike ya fi haka rauni. Ɗakin sanyi na rumbun iri yana son wuta ba yankewa. Gwajin gona na shekara 20, in aka bar shi damina biyu, ya lalace. Littafin awo, in aka tsallake shekaru, ba mai iya komawa baya ya cike. Kuma ko yaushe akwai wata ƙasa da ke jira ta ce a kawo wurinta. Alkawari kaya ne. Ƙasar da ta sa hannu, tilas ta riƙe abin da ta sa ma hannu, ko da gwamnati ta sake.

Riba da nauyi

Mu faɗi gaskiya, saukar da irin wannan baƙo yana da nauyi. Filin da aka bayar, da can wasu ke nomansa ko kiwo a ciki. Kayan da suka shigo ba duwan, kuɗi ne da baitulmali bai karɓa ba. Ƙasa tana biyan nata kason ko wace shekara. Inda baƙi masu albashi suka yi yawa, kuɗin hayar gida kan tashi.

Riba kuma tana nan. Akwai aiki ga magina da direbobi da masu aikin gona da akawuna. In an yi taro, masaukai su cika, baƙi su shiga kasuwa su sayi atamfa da kayan fata da azurfar Agadas. Ɗalibanmu suna samun horo a ƙofar gida, ba sai sun ƙetare teku ba. Abin da ya fi duka, a ƙasarmu ake gwajin. Amsar da ta fito, amsar gonarmu ce.

Amma akwai haɗari ɗaya da ya kamata mu ji tsoro. Gidan bincike yana iya zama a tsakiyarmu kamar rijiya mai murfi. Katanga ta kewaye shi, masana na ciki suna rubutu, manomin da ke maƙwabtaka da su bai san abin da suka gano ba. Ƴaƴan gari su tsaya ga tsaron ƙofa da wankin mota, kujerun bincike su zama na baƙi har abada. In haka ta faru, mun ba da fili, mun yafe duwan, wasu sun kwashe amfanin.

Ba tilas haka ta faru ba. Ku tuna Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. A Tasawa aka haife shi a 1929. Ya zama babban masanin hasken rana, ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasarmu tun daga 1969. Ɗan ƙasa ne kamar ɗanka. Lakwal ya shiga, ya dage.

Ina rabonku?

Rabonku yana cikin karatun da kuke yi yanzu. Bari mu nuna maku da misali.

Wani masani ɗan Indiya mai suna Sivakumar ya yi aiki a Sadore. Ya ɗauki littattafan ruwan sama na garuruwa da yawa na Nijar da Burkina Faso, na shekaru masu yawa, ya bi su ɗaya ɗaya. A 1988 ya fitar da abin da ya gano. Ya ce a lissafta damina ta kama in an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, bayan 1 ga Mayu, kuma ba a yi fashin da ya wuce kwana 7 ba a cikin kwana 30 na gaba. Ya kuma gano cewa in damina ta kama da wuri, takan yi tsawo. In ta makara, takan gajarta. Ma'ana, shekarar da ruwa ya makara, manomi ya nemi iri mai saurin nuna.

To, wa ya rubuta littattafan nan da ya yi aiki da su? Ƙananan ma'aikata ne a garuruwa. Ko wace safiya su duba ma'auni, su rubuta kwanan wata, su rubuta lamba. Ba don rubutunsu ba, da babban masani bai sami abin lissafi ba. Kun ga mai iya rubuta 20 da kwanan wata, shi ma yana da hannu a cikin bincike.

Tun 1998, ko wace shekara kafin damina, masanan Agrimet da Akmad da na ƙasashe kan taru su fitar da hasashe. Su ce a wane yanki ake sa ran ruwa mai yawa, a wane ake sa ran kaɗan, ko damina za ta kama da wuri ko za ta makara. Wannan ba duba ba ne, ba bokanci ba ne. Allah ne ke saukar da ruwa. Su awo suke yi, kamar yadda tsoho kan dubi iska da gajimare ya ce hadari na tafe. Wani sa'i su dace, wani sa'i su kuskure. Amma mai sanin hasashen ya fi wanda bai sani ba shiri.

Kai manomi, in ka iya karatu, za ka karanta sunan iri a kan buhu da yawan kwanakin da yake yi. Ba mai sayar maka da wani iri da sunan wani. Za ka san giram 6 ba giram 60 ba ne. Ke uwargida mai lambu, za ki rubuta ranar da kika shuka da abin da kika girbe, ki gwada bana da bara. Kai ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, kuɗin tiya yana bin damina. In ka karanta hasashe, ka san lokacin saye da lokacin saki. Kai mazaunin bakin kogi, a watan Satumba 2020 ruwan Yamai ya kai mita 7, ya ci unguwanni. In an aiko gargaɗi a waya, wanda ya iya karatu shi zai fara kwashe iyalinsa, ya kuma gaya ma maƙwabta.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rijiyar tana nan a Harobanda da Sadore. Karatu shi ne guga. Ku riƙe ajinku, ko ciniki ya yi daɗi ko bai yi ba. Ku sa yara lakwal, mata da maza, ku bar su su yi nisa. In malamin gona ya zo gari, ku tambaye shi sabon iri da sunansa, ku rubuta. Ran da wata gasa ta taso, alƙalai za su tambaya ko akwai ƴan ƙasa masu ilimi da za su kama aikin. Amsar tambayar nan, a azuzuwa irin naku ake shirya ta.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa biyar ake dubawa kafin a ba ƙasa gidan bincike?
2. Me Afirka ta Kudu ta yi tun kafin a yanke hukunci?
3. Faɗi sunayen gidajen bincike uku da ke Yamai da kewayenta, da aikin ko wane.
4. Me ya sa gidan binciken shinkafa ya bar Buwake?
5. Akwai ma'aunin ruwan sama a garinku? Wa ke rubuta lambarsa? In babu, wa za ku tambaya?

Ko wane ɗalibi ya rubuta amsa ɗaya da hannunsa, ya karanta ma ƴan'uwansa. Malamai su tattara tambayoyin da suka gagara, su aiko mana.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu zaman lafiya, ya tsare kasuwanninmu daga gobara. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.